Tsohuwar Motar Gudu: Yadda Ake Bin Salsalarta Kafin a Biya Kuɗi

A watan Maris na 1961 kamfanin Jaguar ya kai sabuwar motarsa, E-Type, baje kolin motoci na birnin Geneva. Ba a bayan babbar mota aka kai ta ba. Wani ma'aikacin kamfanin mai suna Bob Berry ne ya tuƙo ta tun daga Coventry a Ingila, tana ɗauke da lambar rajista 9600 HP, ya iso ana dab da nuna ta ga 'yan jarida. Da aka ga yadda mutane suka yi mata caa, kowa na son a ɗan zaga da shi, sai aka aika wa direban gwajin kamfanin, Norman Dewis, cewa ya bar duk abin da yake yi ya kawo ta biyu. Ya kwana yana tuƙi a cikin mai buɗaɗɗen sama, mai lambar rajista 77 RW. Motocin nan biyu suna nan har yau.

E-Type sama da 70,000 aka ƙera daga 1961 zuwa tsakiyar shekarun 1970. Abin da ya raba waɗannan biyu da sauran shi ne an san inda suka kwana da inda suka tashi, kuma akwai hujjar da za a nuna. A kan wannan masu tara tsofaffin motoci ke zuba kuɗi. Bodi ana sake shi, inji ana sauke shi a gyara, fenti kuwa aikin 'yan makonni ne. Tarihin da ya yanke ne ba a iya yi masa walda. Zan ɗauki E-Type a matsayin misali saboda tana da yawa a kasuwa kuma an rubuta bayananta dalla-dalla, amma hanyar ɗaya ce ko Porsche kake nema ko Mercedes.

Me ake gani a jikinta?

Da farko dai kyau. Malcolm Sayer, wanda ya zana ta, daga masana'antar jiragen sama ya fito, da lissafin yadda iska ke bin jiki ya fitar da dogon hancin nan nata. Jikar motar tsere ce kuma, domin D-Type da ta gada ta lashe gasar awa 24 ta Le Mans a 1955 da 1956 da 1957. Inji mai silinda shida, lita 3.8, birkin faifai a ƙafa huɗu, kuma motocin da aka bai wa 'yan jarida sun taɓa mil 150 a awa, wato kimanin kilomita 240. Duk wannan a kan fam dubu biyu da 'yan kai, alhali Aston Martin da Ferrari na zamanin sun ninka haka. A 1996 gidan adana fasahar zamani na birnin New York ya saka ɗaya cikin kayansa na dindindin.

Sai kuma abin da ba ya rubutuwa a takarda: ƙamshin tsohuwar fata da baƙin mai, sitiyarin katako, ƙarar inji da ba kwamfuta a tsakaninka da shi. Wanda ya taɓa tuƙawa ya san abin da nake nufi.

Amma sha'awa daban, farashi daban. Farashi yana bin ƙarancin mota da kuma hannun da ta biyo. Ferrari 250 GTO guda 36 kacal aka yi, shi ya sa ɗaya ta tashi a dala miliyan 48.4 a gwanjon 2018. Mercedes-Benz 300 SLR mai rufi, wadda ake kira Uhlenhaut, biyu ce a duniya, an sayar da ɗaya yuro miliyan 135 a 2022. Porsche 911S ta 1970 ba ta cikin motocin da suka yi wannan ƙaranci, amma wadda ɗan wasan Amurka Steve McQueen ya mallaka ta kai dala miliyan 1.375 a 2011, ninkin ba ninkin abin da 'yan uwanta ke yi a lokacin. Inda suna kaɗai ke iya ninka kuɗi haka, dole a samu masu ƙirƙiro suna. Daga nan aikinka ya fara.

Mataki na farko: ka san motar kafin ka ga motar

Kada ka je kallon kowace mota sai ka zauna ka karanci samfurin, shekara bayan shekara. E-Type iri uku ce. Ta farko daga 1961 zuwa 1968, an fara da lita 3.8, aka koma 4.2 a 1964. Ta biyu daga 1968 zuwa 1971. Ta uku mai silinda 12 ce, daga 1971. A cikin ta farkon ma akwai hawa-hawa: na farko-farko daɓensu a shimfiɗe yake, babu ramin ajiye ƙafa, kuma 'yan ɗaruruwan da suka fara fitowa a waje ake kulle bonet ɗinsu. Su ne suka fi tsada, duk da cewa su ne suka fi wahalar zama ga dogon mutum. A 1966 aka ƙaro mai kujerun baya, doguwa, wadda kasuwa ba ta cika ɗokinta ba. Wajen 1967 dokokin Amurka suka sa aka cire gilashin da ke rufe fitilun gaba.

Amfanin wannan karatu shi ne idonka ya iya kama abin da bai dace da shekararsa ba. Idan aka ce maka motar 1962 ce, ka leƙa ka ga dashbod ko kujerun 1965, akwai tambaya. Ba lallai ha'inci ne ba, mota mai shekara sittin ta sha gyara a hannun mutanen da ba su taɓa tunanin za ta zama kayan ajiya ba. Amma ruwa ba ya tsami banza, sai ka ji dalili.

Shiga ƙungiyar masu irin motar ma yana cikin wannan mataki. Kusan kowane sanannen samfuri yana da masu rajistar lambobinsa, mutanen da suka shafe shekaru suna rubuta wace mota ce take ina. Su ne suka fi kowa sanin wadda ta taɓa ƙonewa, da wadda aka ce ta ɓace sai ga ta ta dawo fes.

Mataki na biyu: lambobi

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan zan fi daɗewa.

Motocin yau suna da lambar shaida mai harufa da alƙaluma 17, tsarin da ya kafu a 1981. Kafin nan kowane kamfani da nasa salon. E-Type tana da lambobi huɗu: ta shasi, ta inji, ta bodi, ta giya. Dukansu an buga su a kan wani ɗan allon ƙarfe da ke maƙale a ƙarƙashin bonet. Kada allon nan ya ruɗe ka. Ana sayar da sabonsa babu rubutu, kowa na iya buga abin da ya ga dama ya manna. Abin da kake so shi ne lambar da aka buga a jikin kowane sashe da kansa: ta shasi a kan firam ɗin gaba, daidai saman inda shokozoba ta dama ke ɗaure, ta inji a jikin bulok kusa da matatar baƙin mai, a motocin farko kuma an maimaita ta a kan murfin silinda, ta giya a jikin akwatin giyar. Ka goge, ka haska da tocila, ka ɗauki hoton kowace.

Lambar shasi tana magana in ka iya saurare. A masu lita 3.8, mai buɗaɗɗen sama da sitiyari a dama daga 850001 take farawa, mai sitiyari a hagu daga 875001. Mai rufi da sitiyari a dama daga 860001, ta hagu daga 885001. Ka ga ke nan idan mota tana gabanka sama a buɗe, sitiyari a dama, amma lambarta ta fara da 885, to a masana'anta rufi gare ta kuma sitiyarinta a hagu yake. An yanke ta ne, an juya ta. Mayar da sitiyari daga hagu zuwa dama abu ne da aka saba, tunda akasarin E-Type Amurka aka kai su, daga baya aka riƙa dawo da su Birtaniya. Ba laifi ba ne, amma yana rage kuɗi, kuma wajibi ne a gaya maka. Yanke rufi kuwa babban al'amari ne.

Daga nan ka dubi bugun lambar kansa. Ma'aikatan wancan zamani da hannu suke bugawa, saboda haka 'yar karkata ba abin tsoro ba ce. Abin tsoro shi ne wurin da aka goge da inji ya yi sumul ko ya ɗan lotsa, ko alƙaluman da siffarsu ta bambanta da na sauran motocin shekarar, ko tsohuwar inuwa a ƙarƙashin sabon bugu. Ka nemi hotunan lambobin wasu motoci da aka ƙera kusa da taka ka gwada su kafaɗa da kafaɗa. A manyan motoci masu tsadar gaske, ana kiran masana su binciki ƙarfen da na'urar da ke fito da lambar da aka kankare, har su auna sinadaran ƙarfen su ga ko na zamaninsa ne.

Wani abu game da E-Type: firam ɗin gaban da lambar shasi ke kai ana kwance shi da sifana. Motar da ta taɓa bugun gaba sau da yawa an sake mata shi, wataƙila babu lamba, wataƙila an sake bugawa. Shi ya sa lamba ɗaya ba ta isa shaida, sai huɗun sun taru.

In duka huɗun sun dace da abin da masana'anta ta rubuta, 'yan kasuwa suna cewa motar lambobinta sun yi daidai, kuma ita ce mai daraja ta ɗaya. Sai dai ka lura, kalmar tana da santsi a bakin dillali. Wani yana nufin inji kawai. Wani yana nufin injin irin na shekarar ne, ba wanda ta fito da shi ba. Ka sa ya faɗi abin da yake nufi, a rubuce.

Mataki na uku: littafin masana'anta

Da me za ka gwada lambobin? Da littafin da kamfani ya rubuta ranar da aka ƙera motar. Na Jaguar yana hannun gidauniyar Jaguar Daimler Heritage Trust, wadda ke ba da takardar shaida mai ɗauke da ranar ƙerawa, ranar fita daga masana'anta, launin asali, kalar kujeru, lambobin nan, da dilan da aka fara aika wa. Mercedes da Porsche suna da makamancin haka. Ferrari ta kafa sashen Classiche a 2006, wanda shi yana duba motar da kanta kafin ya ba da jan littafinsa na shaida.

Ga inda mutane ke faɗawa rami. Takardar da aka kwafo daga littafin masana'anta tana cewa ne: an taɓa ƙera mota mai lamba kaza, ga kamanninta. Ba ta ce motar da ke gabanka ita ce ba. Wanda ya rubuta ta bai taɓa ganin motar ba. Haka fasfon da hukumar wasan tseren motoci ta FIA ke bai wa tsofaffin motoci: yana tabbatar da cewa ƙirar ta dace da ƙa'idar shiga gasa, ba shaidar asali ba ne. Takarda ma'auni ce, kai za ka ɗora motar a kai.

Mataki na huɗu: sarƙar masu ita

Yanzu ka buɗe fayil ɗin motar. Ka samu farar takarda, ka rubuta shekarar ƙerawa a sama, bana a ƙasa, ka fara cike tsakani: wa ya riƙe ta daga yaushe zuwa yaushe, a wace ƙasa, da wace lambar rajista, mil nawa ke kan mita. Tsohon littafin rajista, takardar mallaka, rasit ɗin gareji, takardun gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, takardun kwastan in ta tsallaka teku, tsofaffin hotuna da lambar ta fito sarai, duk ka jera su bisa kwanan wata.

Ba kauri ake nema a fayil ba. Na fi yarda da rasit goma da suka bazu a shekara arba'in a kan rasit ɗari biyu na gyaran shekara biyun da suka wuce. Abin da kake farauta shi ne giɓi. Mota ta ɓace a 1974, ta sake ɓullowa a 2009 a wata nahiya tana ƙyalli: ina ta shiga shekara talatin da biyar? Wani lokaci amsar mai sauƙi ce, an ajiye ta a rumbu an manta. Irin haka na faruwa da gaske. Tarin motocin wani ɗan kasuwa mai suna Baillon da aka gano a yammacin Faransa, aka yi gwanjonsu a birnin Faris a Fabrairun 2015, a cikinsu akwai Ferrari 250 GT California da aka samu a ƙarƙashin tulin tsofaffin mujallu, ta tashi a sama da yuro miliyan 16. Amma ita an san lambarta, an san hannun da ta biyo. A giɓi ne kuma ake haihuwar tagwaye: mota ta yi haɗari, wani ya ɗauki injin ya gina mota a kansa, wani ya ɗauki guntun shasin ya gina tasa, yau ga motoci biyu da lamba ɗaya, kowane mai ita yana rantsuwa tasa ce ta gaskiya.

Kotu ma ta taɓa shiga irin wannan gardama. A 1990 babbar kotun Landan ta saurari shari'ar wata Bentley da ake kira Old Number One, wadda ta lashe Le Mans a 1929 da 1930. An yi cinikinta fam miliyan 10, mai saye ya nemi janyewa bisa hujjar cewa an sake mata sassa da yawa tun a zamanin tsere, har ba ita ba ce. Alƙali ya ce ita ce, domin tarihinta bai taɓa yankewa ba, duk canjin da aka yi a kan mota ɗaya aka yi shi, kuma babu wata da za ta iya da'awar sunan. Har yau wannan ma'auni na tarihi marar yankewa shi ake yawan kafa hujja da shi.

Game da mita, kada ka ba ta muhimmanci fiye da kima. Alƙaluma biyar gare ta, in ta kai 99,999 sai ta koma sifiri. Mil 40,000 na iya zama 140,000. Takardu masu kwanan wata ne kaɗai ke raba gardama, sai kuma cinyewar robar feda da lotsawar kujera.

Idan kuwa aka ce wani shahararre ya taɓa mallakarta, ko ta yi tsere a wuri kaza, to ka nemi takarda ta wancan lokacin: sunansa a rajista, rasit ɗin saye, jerin sunayen masu gasa, hoto mai nuna lamba. Wasiƙar da wani ya rubuta bayan shekara hamsin yana cewa ya tuna, labari ce. Labari yana da daɗin ji, amma ba a biyan kuɗinsa.

Mataki na biyar: ƙarfen kansa

Gani ya kori ji. A ɗaga motar sama, ka shiga ƙarƙashinta tare da makanikin da ya ƙware a wannan samfurin, wanda kai ka ɗauko shi kuma kai za ka biya shi. E-Type ba ta da shasi daban irin na babbar mota. Daga gilashin gaba zuwa baya bodin ne ke ɗauke da nauyinsa, saboda haka tsatsa a dogarin ƙofa, da daɓe, da inda ƙafafun baya ke riƙe, ba maganar kwalliya ba ce, ƙashin bayan motar ne ke ruɓewa. Bututan firam ɗin da ke riƙe da inji siraran ƙarfe ne na musamman, ba a yi musu waldar gyara, in sun tsage ko sun ci tsatsa sai dai a sake. Ka ga ɗinkin walda a jikinsu, ka san hannun da bai sani ba ya taɓa motar.

Ka bi bodin da ɗan maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle, ko na'urar auna kaurin fenti. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, ciko ne a ƙasa. Ka dubi tazarar ƙofofi da yadda bonet ya zauna, domin bonet ɗin E-Type kusan sulusin motar ne, daidaita shi aiki ne mai cin lokaci da kuɗi. A auna matsin kowace silinda. A tayar da injin yana sanyi, ba wanda aka riga aka ɗumama kafin ka iso ba. Ɗigon baƙin mai kaɗan kada ya tayar maka da hankali, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Giyar masu lita 3.8 kuma tana da taurin kai, lamba ɗayanta ba ta shiga sai mota ta tsaya cak. Halinta ne, ba lalacewa ba.

A nan ne kuma za ka yanke wa kanka hukunci tsakanin mota mai fentinta na asali da ya dushe da wadda aka sabunta ta koma kamar yau ta fito. Ni dai ina tare da ta farkon. Wadda ba a taɓa ba tana nuna maka komai, sabon fenti kuwa yana iya zama kyan ɗan maciji. In gyararriya ce, ka nemi hotunan aikin tun tana tsirara ba fenti, da sunan wanda ya yi, ka kira shi.

Mataki na shida: ciniki

Ka tabbatar mai sayarwa yana da ikon sayarwa: sunansa ya dace da takardar mallaka, babu bashin banki a kanta, ba ta cikin rajistar motocin sata, ba kuma kayan gado ba ce da ake rigima a kai. Duk abin da aka faɗa maka da baki wanda ya sa ka yarda da farashin, a saka shi cikin yarjejeniya: lambobin huɗu, cewa injin na asali ne, cewa ba a san wata mota mai da'awar lambar ba. In mai sayarwa ya yi ta kewaye-kewaye a kan rubuta abin da ya faɗa da bakinsa, ka tattara takardunka.

A gidan gwanjo ka karanta sharuɗɗa kafin ka ɗaga hannu. Akwai la'adar da mai saye ke biya a kan farashin da aka buga guduma, kuma bayanin da ke cikin kundin gwanjo galibi ra'ayi ne, ba lamuni ba. Ka je ranar duba kaya da makanikinka. Sayen irin wannan mota da hoto kaɗai cinikin biri a sama ne. In ciniki ya haɗa ƙasashe biyu, a ajiye kuɗin a hannun amintaccen wakili har mota da takardunta su iso. Inshora kuma ka nemi wadda aka amince da ƙimar motar a rubuce tun farko, domin ta yau da kullum tsohuwar mota kawai take gani.

Ranar da ta shigo hannunka, ka kwafi fayil ɗin gaba ɗaya, ka ajiye na asali a inda wuta da ruwa ba za su kai ba, kada ka bar shi a cikin motar. Ka sanar da masu rajistar samfurin cewa ta sauya hannu. Duk gyaran da za a yi a ɗauki hoto kafin da bayan, a rubuta kwanan wata da mil. Duk sashen da aka cire, ko ya mutu murus, ko tsohon kafireta ne ko fasasshen murfin silinda mai ɗauke da lamba, kada makaniki ya jefar. Ka ɗaura masa 'yar takarda da ranar da aka cire shi, ka sa a akwati kusa da fayil ɗin.